Ƙura Da Kura

Kowane abu da masana suka bincika a duniyan nan sun raɗa masa suna. Akwai sunayen itatuwa da na ƙwari, akwai na taurari da na duwatsu, akwai kuma na cututtuka da na magunguna. Amfanin suna shi ne, in likita ya rubuta shi a Kano, wani likita ya karanta a Masar ko a Indiya ya gane abin da ake nufi, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Amma suna ba ya yin wannan aiki sai an rubuta shi daidai, harafi bayan harafi. In harafi ɗaya ya kauce, sau da yawa ma'ana ta kan bi shi su tafi tare.

A makaranta a kan koya wa yara cewa ƙura tana shiga huhun mutum ta hanci, ta sa shi tari. To, in yaro ya yi garaje ya bar ƙugiyar da ke kan harafin ƙ, abin da zai kai wa malam shi ne, kura tana shiga huhun mutum ta hanci. Wannan kuwa ko kurar da yunwa ta ramar ba ta iyawa. Haka kuma a kan koya musu cewa babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. Wanda ya manta da ƙugiya a nan ya faɗi wata magana dabam, wadda ba a son ji a gaban manya, ajin kuwa sai ya kwashe da dariya.

Kuskure Iri Huɗu

A shekarar 1964 wani masani a Amurka mai suna Fred Damerau, wanda ke aiki a kamfanin IBM, ya tara kalmomin da aka rubuta ba daidai ba, ya yi ta duba su. Ya tarar cikin kowane kuskure 100, wajen 80 na harafi ɗaya ne tak, kuma ba su wuce iri huɗu ba.

Na fari, a bar harafi a baya, kamar a rubuta tsro maimakon tsiro. Na biyu, a ƙara harafin da ba a bukata, kamar huhhu maimakon huhu. Na uku, haruffa biyu su yi musayar wuri, kamar ƙafre maimakon ƙarfe. Na huɗu, a sa wani harafi a gurbin wani.

In abin da ya fito ba kalma ba ce, kamar tsro ko ƙafre, ido ya kan kama shi nan da nan. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne kuskuren da ya haifi wata kalma sosai. Yaro ya so ya ce sauro ke kawo zazzaɓi, sai ya rubuta sauri ke kawo zazzaɓi. Ya so ya ce ciwon hanta, sai ya rubuta ciwon hanya. Sauri da hanya duk Hausa ce mai kyau, sai dai ba nan ne mazauninsu ba.

Manyan Malamai Ma Sun Yi

Kada a zaci yara kaɗai ke irin wannan tuntuɓe. Manyan malamai ma sun yi, har kuskuren waɗansu ya zauna daram a cikin littattafai.

Akwai wani itace a ƙasashen Sin da Japan mai ganye kamar ɗan mafici. Wani likita Bajamushe, Engelbert Kaempfer, ya zauna a Nagasaki ta ƙasar Japan daga 1690 zuwa 1692, ya ga itacen, ya kuma rubuta sunansa. Sunan nan, in za a bi lafazinsa, ginkyo ya kamata a rubuta. Da littafin likitan ya fito a 1712 sai aka ga ginkgo, watau g ta zauna a wurin y. A 1771 babban masanin tsire-tsire na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya ɗauki sunan yadda ya same shi, ya sa a littafinsa. Shi ke nan, suna ya bi itace. Yau fiye da shekara 300 ke nan ana rubuta ginkgo, ɗalibai kuwa suna ta fama da inda za su sa k da inda za su sa g.

Wani abin dariya kuma ya faru a Amurka sa'ad da ake shirya wani babban ƙamus na Turanci da a ke kira Webster. A 1931 editan da ke kula da kalmomin ilmin sinadarai ya aika da guntuwar takarda, ya rubuta "D or d" a kanta. Kalmar "or" da Turanci ita ce "ko". Nufinsa shi ne, babban D ko ƙaramin d, duka biyu a kan yi amfani da su a taƙaice a madadin kalmar "density", watau nauyin abu gwargwadon girmansa, irin abin da ya sa dunƙulen ƙarfe ya fi dunƙulen auduga nauyi ko da girmansu ɗaya ne. Sai takardar ta faɗa cikin tarin sababbin kalmomi, aka haɗe haruffan wuri ɗaya, aka karanta "dord". Da ƙamus ya fito a 1934, ga "dord" nan zaune cikin kalmomi, har da ma'anarta. Shekara 5 tana nan ba wanda ya kula. Sai a 1939 wani edita ya lura ba a faɗi asalin kalmar ba kamar yadda aka faɗi na sauran. Ya bi sawu, ya tarar ashe ba mahalukin da ya taɓa furta ta. Aka cire ta daga bugun da suka biyo baya.

Na ukun ya fi su duka suna. Wani malamin lissafi a Amurka, Edward Kasner, ya nemi sunan da zai ba wata babbar lamba, watau 1 da sifiri 100 a bayansa. Ya tambayi wani yaro cikin danginsa mai shekara 9, yaron ya ce a kira ta "googol". Malamin ya sa sunan a littafinsa da ya fito a 1940. Bayan shekaru masu yawa waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka ƙera injin neman bayani a intanet, suka so su ba shi sunan wannan lamba don a san bayanin da zai tara ba shi da iyaka. Da aka yi rajistar sunan a 1997, "google" aka rubuta. Ashe injin da ke gyara wa duniya rubutu, sunansa ma da kuskuren rubutu ya samu.

Na'ura Mai Ba Da Shawara

A zamanin da, wanda ya yi shakkar kalma sai ya buɗe ƙamus ko ya tambayi malam. Yanzu yara da manya da yawa wayar hannu ko kwamfuta su kan ɗauka, su rubuta kalmar a gurbin bincike. Kamfanin Google ya faɗa a 2020 cewa cikin kowane bincike 10 da ake yi kullum, ɗaya yana da kuskuren rubutu. Saboda haka aka koya wa na'ura taimako iri biyu.

Na fari gyara ne. In kalmar da aka rubuta ba ta cikin waɗanda na'ura ta sani, sai ta nemo wadda ta fi kusa da ita, ta ƙidaya haruffa nawa za a sake, ko a ƙara, ko a cire kafin a kai gare ta. Sa'an nan ta tambaya ko wannan ake nufi. Na biyu ƙarasawa ce. Da mutum ya fara rubutu, kafin ya gama, sai ta jero masa maganganun da take tsammanin zai rubuta. Google ya fara gwada wannan a 2004, ya sa shi a babban shafinsa a 2008.

To, ina na'ura ke samo waɗannan shawarwari? Mafi yawa daga abin da sauran mutane suka riga suka rubuta ne. Misalinta kamar mutumin da ke zaune a mararraba, bai taɓa zuwa ko ɗaya daga garuruwan ba, sai dai yana ƙidaya inda matafiya suka fi nufa. In baƙo ya tambaye shi hanya, zai nuna masa wadda jama'a suka fi bi. Sau da yawa ya kan dace. Amma in baƙon wani ƙauye ya nufa dabam, to, ya ɓad da shi.

Ga kalmomi biyu na Turanci, "astronomy" da "astrology". Ta farko ilmin taurari ce, watau auna nisansu da girmansu da tafiyarsu. Ta biyu kuwa duba ce, irin ta masu cewa taurari sun gaya musu abin da zai sami mutum gobe. Haruffa biyu kaɗai suka raba su, kuma duka da "astro" suka fara. Ɗalibin da ya rubuta haruffa biyar na farko, ya danna abin da ya fara gani, yana iya fita neman ilmin taurari ya ɓulla rumfar ɗan duba. Haka "entomology" da "etymology": ɗaya ilmin ƙwari, ɗaya ilmin asalin kalmomi.

Mai bincike da Hausa yana da tasa wahalar. Mutane da yawa ba su sa ƙugiya in suna rubutu a waya. In an rubuta "kasa", na'ura sai ta yi ta laluben abin da ake nufi: ƙasar noma ce, ko ƙasa irin su Nijeriya da Nijar, ko macijiyar nan mai barci da a ke kira kasa?

Har wa yau, abin da na'ura ta jero tambayoyin mutane ne, ba amsar masana ba. Da mutane dubu za su yi ta tambaya ko duniya shimfiɗe take kamar faifai, na'ura tana iya jero wannan magana, alhali kuwa duniya a mulmule take. Wani lokaci ma wasa ne ma'aikata suka sa da gangan. Turawa suna da kalmar "anagram", watau a juya haruffan kalma su ba da wata, kamar yadda rama ke komawa mara. Ma'aikatan Google sun shirya yadda in an nemi kalmar nan, na'ura za ta tambaya ko "nag a ram" ake nufi. Haruffan kalmar ne aka juya, ma'anarsu kuwa a dami rago da mita.

Kuskuren Da Na'ura Ta Haifa

Wani lokaci mutum ya kan rubuta daidai, na'ura ce ke ɓatawa da sunan gyara.

A cikin jikin kowane mutum akwai waɗansu ƙananan abubuwa da a ke kira ƙwayoyin gado, su ke sa ɗa ya yi kama da iyayensa. Masana sun ba kowace ɗaya gajeren suna na haruffa da lamba. Wata sunanta SEPT2, wata kuma MARCH1. Masu bincike su kan jera sunayen nan a wata manhajar lissafi ta kamfanin Microsoft mai suna Excel. Ita kuwa manhajar an koya mata ta gane kwanan wata. Da ta ga SEPT2 sai ta zaci 2 ga Satumba ake nufi, ta sake shi. Da ta ga MARCH1 sai ta mai da shi 1 ga Maris. Ba ta tambayi kowa ba.

A 2016 waɗansu masana a Austiraliya suka duba takardun bincike 3,597 masu irin wannan jeri, suka tarar 704 suna da wannan ɓarna, watau kusan ɗaya cikin kowane 5. Abin ya dami masana ƙwarai, gama wanda ya ɗauki jerin don ya ci gaba da bincike zai tarar waɗansu ƙwayoyin sun ɓace, kwanan wata ya zauna a gurbinsu. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya ba da sanarwar ya sake sunaye 27. MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT2 ta koma SEPTIN2. Sai a 2023 kamfanin ya sa wani maɓalli da mutum zai hana manhajar yin wannan shisshigi.

Akwai kuma labarin wata magana ta Turanci, "vegetative electron microscopy". Kalmomi biyu na ƙarshe suna nufin duba ƙananan abubuwa da wani irin madubin likita mai ƙarfi ƙwarai. Ta farkon kuwa ta shafi tsiro da girma. In an haɗa su ba su da ma'ana ko kaɗan, kamar a ce madubi mai toho. Duk da haka an sami maganar a takardun bincike wajen 20.

Da aka bi sawu sai aka gano hanya biyu. Ta fari, wata tsohuwar mujalla ta shekarun 1950 an buga ta layi biyu, dama da hagu. Da na'ura ta zo kwafe ta, sai ta tsallaka daga layin hagu zuwa na dama, ta haɗa kalmar wannan jimla da na waccan. Ta biyu daga Farisanci ne, harshen mutanen Iran, wanda a ke rubutawa da haruffan Larabci. Duk wanda ya yi karatun allo ko ya iya ajami ya san ɗigo ɗaya a ƙasa ba ce, ɗigo biyu kuwa ya ce. A Farisanci kalmar da ke nufin wani irin duba da madubin nan, da kalmar da ke nufin tsiro, ɗigon nan ɗaya ne ya raba su. Aka ƙara ɗigo, aka fassara zuwa Turanci, madubi ya yi toho. A 2025 waɗansu masu bincike a Austiraliya suka gwada na'urorin nan masu amsa tambayoyi da rubutu, suka tarar waɗansu sun haddace maganar, in an fara musu sai su ƙarasa ta kamar gaskiya ce.

Inda Dariya Ta Ƙare

Duk waɗannan labaru suna ba da dariya, amma akwai wuraren da harafi ɗaya ke tsakanin lafiya da mutuwa.

Akwai ruwa biyu masu kama da juna, ba su da launi, ɗaya "ethanol", ɗaya "methanol". Harafin m kaɗai ya raba sunayensu. Na farkon shi a ke sa wa cikin ruwan goge hannu don ya kashe ƙwayoyin cuta. Na biyun guba ne, cikin ƙaramin cokali biyu yana iya makantar da mutum, in ya fi haka ya kashe shi. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da waɗansu kwalaben ruwan goge hannu da aka tarar da gubar nan a cikinsu.

Likitoci kuma suna da waɗansu guntayen kalmomi biyu da suka aro daga harshen Girka, "hypo" da "hyper". Ta farko tana nufin abu ya yi ƙasa, ta biyu ya yi sama. Mai "hypothermia" jikinsa ya yi sanyi fiye da kima, bargo yake bukata. Mai "hyperthermia" jikinsa ya yi zafi fiye da kima, inuwa da ruwan sanyi yake bukata. Wanda ya karanta wannan a wurin wancan, ya yi wa majinyaci akasin abin da zai cece shi.

Magunguna ma akwai masu suna kusan ɗaya. "Chlorpromazine" na masu taɓin hankali ne, "chlorpropamide" kuwa na masu ciwon sukari. Don gudun rikicewa, tun 2001 hukumar nan ta Amurka ta nemi masu yin magani su riƙa rubuta inda sunayen suka bambanta da manyan haruffa, watau chlorproMAZINE da chlorproPAMIDE, yadda ido ba zai wuce ba tare da ya gani ba. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin Da Ya Kamaci Ɗalibi

Ɗalibi mai hankali, in ya gamu da sabon suna na kimiyya, ya kan kwafe shi daga allo ko littafi a tsanake, sa'an nan ya sa yatsa ya bi shi harafi harafi, ya gwada da na asali. Ya kan sa ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ tun sa'ad da yake rubuta su, ba ya bari sai ya gama. Ya kan kuma koyi ma'anar sunan tare da rubutunsa, gama wanda ya san "hypo" ƙasa ce ba ya rikita ta da "hyper".

In ya yi bincike a waya, ya kan rubuta kalmar duka har ƙarshe. In na'ura ta kawo shawara, ya kan karanta ta tukuna, ya duba ko ita ce kalmar da malam ya bayar, kafin ya danna. In ya ga bayanin da ya fito bai yi kama da darasin da aka yi ba, ya kan koma ga ƙamus ko ga malam, domin matambayi ba ya ɓata. Sunan magani kuwa ba a yi masa kintace. In rubutun bai fito sosai ba, a mayar wa likita ko mai ba da magani ya karanta da bakinsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne ire-iren kuskure huɗu da Damerau ya gano? A kawo misali ɗaya na kowanne.
2. Yaya aka yi kalmar "dord" ta shiga ƙamus, kuma shekara nawa ta yi a ciki kafin a gane?
3. Sifiri nawa ke bayan 1 a lambar da a ke kira "googol"?
4. Daga ina na'ura ke samo shawarwarin da take jerowa?
5. Me ya sa masana suka sake sunan MARCH1?
6. Mece ce ma'anar "hypo", mece ce kuma ta "hyper"?

Aiki

A gyara waɗannan jimloli, a faɗi harafin da ya kauce a kowace:

(a) Wuta yana kewaya duniya sau ɗaya a kusan kwana 27.
(b) Zuciya ce ke tura jiki zuwa ko'ina cikin jikin mutum.
(c) Manomi ya zuba taki don kasa ta yi ƙarfi.
(d) Gidan sauri yana kare yara daga zazzaɓi.